Filayen jiragen saman jihohi: A hannun wa takardun suke kwana?

Ranar Lahadi, 7 ga Mayun 2023, wani jirgin fasinja ƙirar Boeing 737 na kamfanin Max Air ya tashi daga Yola zuwa Abuja ɗauke da mutum sama da 140. Tun a wajen tashi ɗaya daga cikin tayoyinsa ta fice, ya kuma sauka a Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe cikin yanayi na tashin hankali. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya ne ya fi dacewa a tsaya a kansa. Rahoton farko na Hukumar Binciken Haɗurra ta Najeriya, NSIB, ya nuna cewa na'urar da ke naɗar muryar matuƙa a cikin jirgin ba ta amfanar ba, domin wasu sabbin sautuka sun hau kan na lokacin hatsarin sun shafe su. Rahoton ya kuma ce na'urar naɗar magana ta hasumiyar Yola ba ta ɗauki abin da matuƙin da jami'in hasumiya suka faɗa wa juna a wannan rana ba. Shaidu biyu da ba su mantuwa, ba su kuma son kai, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, duk sun yi shiru a rana guda.

Filin Yola na Gwamnatin Tarayya ne, ya kuma daɗe yana aiki. Idan har irin wannan giɓi zai samu a can, to akwai dalilin tambayar halin da bayanai da takardu suke ciki a filayen da gwamnatocin jihohi suka gina, waɗanda wasunsu sai su yi kwanaki jirgin fasinja bai sauka ba, sai lokacin aikin Hajji ko ziyarar wani babba.

Gida ɗaya, masu gida da yawa

A cikin shekaru ashirin da suka wuce jihohi sun shiga rige-rigen gina filayen jiragen sama. Gombe ta gina nata a zamanin Danjuma Goje, Jigawa ta gina na Dutse a zamanin Sule Lamido, Bauchi a zamanin Isa Yuguda, Kebbi a zamanin Sa'idu Dakingari. Yobe da Nasarawa sun gina na dakon kaya a Damaturu da Lafiya, Zamfara kuma ta ƙaddamar da aikin na Gusau a 2024. A Kudu akwai na Asaba da Uyo da Anambra da Ebonyi, da wasunsu.

Sai dai Tsarin Mulkin 1999 ya sanya harkar sufurin jiragen sama, har da filayensu, cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka jiha ce ke kashe kuɗin gini, amma Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ita ke gindaya ƙa'ida da ba da lasisi. Hasumiya da na'urorin jagorantar jirage suna hannun NAMA. Bayanin yanayi na NiMet ne. A wurare da dama jami'an FAAN ne ke riƙe da tsaro da sashen kashe gobara bisa yarjejeniya da jihar. Ga kamfanonin jirage da masu lodin kaya, ga jami'an shige da fice da kwastan da NDLEA idan filin yana jigilar ƙasashen waje.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da littafinsa da fayilolinsa da kwamfutarsa, yana kuma miƙa rahoto ga hedikwatarsa a Abuja ko Legas. Jihar da ta mallaki filin, wadda ita za a fara tuhuma idan wani abu ya auku a kan titin saukar jirage, takan zama ita ce ta fi kowa ƙarancin abin nunawa a rubuce.

Abin da fili ke rubutawa a yini

Mai tafiya ba ya ganin komai sai tikiti da takardar shiga jirgi. A bayan fage kuwa filin jirgin sama wuri ne da ke haifar da takardu tun daga asuba har dare. Kafin jirgin farko ya sauka dole a zaga titin sauka da tashi a duba ko akwai tsagewa, ko wani ƙarfe da ya faɗo, ko fitilar da ta mutu, a kuma rubuta wanda ya duba da lokacin da ya duba. 'Yan kwana-kwana suna da rajistar motocinsu da yawan ruwa da kumfar kashe wuta da suke da ita, da atisayen da suka yi. Masu man jirgi suna gwada shi kullum don tabbatar da cewa ruwa bai gauraya da shi ba. Akwai rajistar janareta, wadda ke nuna sa'ar da wuta ta ɗauke da daƙiƙar da ta dawo. Akwai ta tsuntsaye da dabbobin da aka gani ko jirgi ya buge. Wanda ya tuna yadda jirgin Air France ya afka wa garken shanu a titin Fatakwal a watan Yulin 2005 ba zai raina wannan rajista ba.

Bayan waɗannan akwai jerin sunayen fasinjoji, da takardar nauyin kaya, da lambar da ake liƙa wa kowace jaka, da hotunan kyamarorin tsaro, da sunayen waɗanda aka ba katin shiga wuraren da aka hana jama'a. Sannan ga takardun kuɗi: kuɗin sauka da na ajiye jirgi, harajin fasinja, hayar shaguna, kuɗin shiga da mota.

Ba dukkansu ne darajarsu ɗaya ba, ba kuma dukkansu ne suka cancanci a riƙe su har abada ba. Aikin adana bayanai shi ne a san wacce takarda za ta zauna wata guda, wacce shekara biyu, wacce kuma ba za a taɓa zubar da ita ba, a kuma san wanda za a tambaya idan ta ɓata.

Kwana 30 a gefe guda, shekara biyu a ɗaya gefen

Ƙa'idojin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda Najeriya mamba ce a cikinta, sun faɗi mafi ƙarancin wa'adi ga wasu bayanan. Maganganun hasumiya da matuƙa da hotunan na'urar hangen jirage ana riƙe su aƙalla kwana 30. Haka ma bayanin yanayin da aka ba matuƙa kafin su tashi. Takardun shirin tashi da na man da aka zuba wa jirgi kamfani zai riƙe su wata uku. Tsofaffin na'urorin naɗar muryar matuƙa kuwa ba su wuce sa'a biyu ba, wasu ma rabin sa'a, daga nan sai sabon sauti ya hau kan tsoho, shi ya sa ake buƙatar a kashe su da zarar jirgi ya tsaya bayan wani hatsari.

A ɗaya ɓangaren, Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda dokar sufurin jiragen sama ta Najeriya ta karɓa, ta ba fasinja ko magadansa shekara biyu su shigar da ƙarar neman diyya. Ga inda matsalar take: wanda ya yi jinya ta wata huɗu, ko iyalin da suka yi zaman makoki da takaba kafin su nemi lauya, za su iya isa kotu a cikin wa'adi, amma su tarar shaidar da za ta tabbatar da haƙƙinsu an shafe ta bisa ƙa'ida tun tuni.

Dokokin sun yi tanadin cewa duk bayanin da ya shafi hatsari a ci gaba da riƙe shi har sai an gama bincike. Amma wannan tanadi ba ya aiki da kansa. Sai wani jami'i da ke wurin ya gane cewa abin da ya faru ya kai a kira shi hatsari, ya ba da umarnin a killace bayanan, ya kuma sami ikon da sauran hukumomin da ke filin za su saurare shi. A filin da manajansa ma'aikacin jiha ne, mai hasumiya na wata hukumar tarayya, mai kashe gobara na wata, wa ke da wannan iko a cikin sa'ar farko? Idan babu amsa a rubuce kafin ranar, to ba a fafe gora ranar tafiya.

Darussan da aka saya da rayuka

Arewacin Najeriya ya san tsadar takardar ƙarya. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigilar alhazai a madadin Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, abin da ya jawo fashewar tayoyi a wajen tashi, wuta ta kama, aka naɗe su cikin cikin jirgin da wutar tana ci. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya gano cewa an san da matsalar tayoyin kwanaki kafin ranar, kuma an sauya alƙaluman da ke takardar dubawa don su nuna cewa komai lafiya. Takardar kamfani ce ba ta fili ba, amma darasin ɗaya ne: rajistar da ake cikawa don a faranta wa mai duba rai ta fi rashin rajista haɗari, domin tana kwantar da hankalin da ya kamata ya tashi.

Jirgin Bellview da ya faɗi a ƙauyen Lisa na Jihar Ogun ranar 22 ga Oktoban 2005 ya hallaka mutum 117, ba a kuma taɓa samun na'urorin naɗar bayanansa ba. Da rahoton ƙarshe ya fito a 2013, bai iya yanke hukunci kan ainihin musabbabin hatsarin ba. Na Dana da ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yunin 2012 an samo na'urorinsa, amma wuta ta lalata mai naɗar bayanan injuna, sai muryar matuƙa ta kimanin rabin sa'a ta tsira. A irin wannan hali abin da ke rage wa masu bincike shi ne abin da aka rubuta a ƙasa: wa ya zuba mai, nawa aka zuba, me hasumiya ta ji, yaya yanayi yake, wa ya taɓa jirgin kafin ya tashi.

Ba sai jirgi ya faɗi takardun fili ke ceton rai ba. A ƙarshen 2018 hukumomin Saudiyya sun kama wata ɗaliba 'yar Najeriya da ta je Umara, bisa zargin shigo da ƙwayar tramadol, laifin da hukuncinsa kan kai ga kisa a can. Binciken NDLEA ya gano cewa wani gungu ne a filin jirgin Kano ya liƙa sunanta a jikin jakar da ba tata ba, aka kuma sako ta a watan Afrilun 2019. Irin wannan bincike ba shi da madogara sai lambobin jaka da takardar awon kaya da jadawalin ma'aikatan da ke bakin aiki. Filayen jihohi da dama babban aikinsu a shekara shi ne jigilar alhazai, don haka wannan magana ta shafi kowane gida da ke da maniyyaci.

Haka a watan Yulin 2014, lokacin da wani ɗan Laberiya ya shigo Legas da cutar Ebola, jerin sunayen fasinjoji da na ma'aikatan da suka tarbe shi yana cikin abubuwan da aka bi aka gano waɗanda suka yi cuɗanya da shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da cutar ranar 20 ga Oktoban shekarar.

Gona da kwangila

Akwai wasu takardun da ba su shafi tashin jirgi ba, amma su ne suka fi daɗewa suna ta da ƙura. Kowane filin jirgi a kan gonakin mutane aka gina shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, ta kuma wajabta biyan diyyar abin da ke kansa. Taswirar awon ƙasa, da sunayen masu gonaki, da shaidar abin da aka biya kowa, su ne kaɗai ke raba gardama bayan shekara goma sha biyar, lokacin da mai unguwar da ya shaida ya rasu, 'ya'yan mai gona kuma suka taso suna cewa ba a biya mahaifinsu ba. Rashinsu yana cutar da talakan da aka danne wa haƙƙi, yana kuma buɗe ƙofa ga wanda zai karɓi diyya sau biyu. Shi ne kuma ke sa a wayi gari gidaje sun matso jikin shingen fili ba tare da wata hujjar korar su ba.

Sai zanen gini na ƙarshe, wanda ke nuna inda aka binne wayoyin fitilu da bututun ruwa da kaurin kwaltar titi. Sau da yawa wannan zane yana hannun ɗan kwangila ko kamfanin da ya sa ido a kan aikin. Idan gwamnati ta sauya, aka soke kwangila, aka sauya wa ma'aikatar ayyuka mazauni, sai a koma biyan wani sabon kamfani ya binciko abin da jihar ta riga ta biya aka zana mata.

Wasu jihohin sun ga ɗawainiyar filayen ta fi ƙarfinsu, sun roƙi Gwamnatin Tarayya ta karɓe su, suna kuma fatan a mayar musu da kuɗin da suka kashe. Jihar da ba ta da cikakkun takardun kwangila da shaidar biya ba ta da bakin faɗin adadin da take bi, wanda zai karɓi filin kuma bai san abin da ya gada ba.

Doka tana nan, jadawali ne babu

Ba za a ce Najeriya ba ta da dokoki a kan wannan ba. Dokar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa ta 1992 ta ɗora wa hukumomin gwamnati alhakin kula da takardunsu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa kowace hukuma ta adana bayanan ayyukanta a tsare, ta amsa wa mai nema cikin kwana bakwai, ta kuma tanadi ɗaurin aƙalla shekara guda ga jami'in da ya lalata ko ya sauya takardar da ke hannunsa da gangan. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ba ta hau kansu ba, sai a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, cewa ta shafi hukumomin jihohi. Filin jirgin da jiha ta mallaka ba shi da sauran mafaka a wannan fuska.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta zo da ɗaya gefen ma'aunin: bai halatta a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu ba, kuma wanda ya tara su shi ke da alhakin tsare su. Kwafin fasfo da lambar waya da hoton fuskar matafiyi ba kayan jibgewa a sito ba ne, inda gara da ruwan sama da mai tsire za su raba su. Haka nan ƙa'idar ICAO ta binciken haɗurra ta hana a riƙa fallasa muryar matuƙa don wata manufa da ba ta bincike ba, saboda kada ma'aikata su ji tsoron faɗin gaskiya.

Wato wata doka tana cewa a riƙe, wata tana cewa a bayar, wata tana cewa a goge, wata kuma a ɓoye. Abin da ke sulhunta su shi ne jadawali: takarda guda da ta jera kowane irin bayani, da wanda ke riƙe da shi, da wa'adinsa, da yadda za a rabu da shi.

A Amurka, inda birane da ƙananan hukumomi ne suka mallaki yawancin filayen fasinja, har da manya irin na Atlanta da O'Hare na Shikago, dokar tarayya ta faɗi wa'adi ƙarara ga duk filin da ke da lasisi: rajistar duba titi wata 12, ta horar da ma'aikata wata 24. A Jihar Texas, hukumar adana takardu ta jiha tana fitar wa ƙananan hukumomi jadawali wanda ya keɓe sashe ga takardun filayen jiragen sama. Babu wata fasaha mai tsada a cikin wannan. Tsari ne kawai da aka rubuta, ake kuma tuhumar wanda ya saɓa.

Uzurin da ake kawowa

Za a ce filin da ba ya iya sayen man janareta ba shi ne zai ɗauki ma'ajin takardu ba. Akwai gaskiya a ciki, domin yawancin waɗannan filaye abin da suke samu bai kai abin da suke ci ba. Amma albashin jami'i guda da kabad mai jure wuta da na'urar ɗaukar hoton takardu ba su kai kuɗin kafet ɗin ɗakin manyan baƙi ba, balle diyyar shari'a guda da jiha za ta faɗi don ta kasa kawo rajistar duba titi.

Za a kuma ce kwamfuta ta magance komai. Ba ta magance ba. Bayanin da ke cikin kwamfutar ɗan kwangila yana tafiya ne da ɗan kwangila. Na'urar kyamarorin tsaro tana shafe tsohon hoto da kanta idan ta cika. Rumbun da ba shi da kwafi a wani gari daban, gobara guda ko tsawa guda ta ishe shi. Abin da ya faru a Yola ma na'ura ce ta gaza, kuma na'urar da ba a gwada ta kullum sai ranar buƙata ake sanin ta mutu.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko yana hannun NCAA. Filayen Legas da Abuja ne suka fara samun takardar shaidar cika ƙa'ida a 2017, kuma wannan shaida galibinta a kan takardu ta ginu, domin mai duba ba ya kwana a fili, abin da aka rubuta yake karantawa. Ya dace hukumar ta mayar da jadawalin adana bayanai sharaɗi ga kowane filin jiha, ta kuma riƙa kai ziyarar ba-zata tana neman rajistar wata rana da ta zaɓa da kanta.

Na biyu, kowace yarjejeniya tsakanin jiha da hukumomin tarayya ta faɗi sunan muƙamin da ke da ikon killace dukkan bayanai da zarar wani abu ya auku, ta kuma sa a gwada na'urar hasumiya a kowace safiya a sa hannu. Bayanan da suka shafi rauni ko asarar kaya ko ƙorafin fasinja kada a taɓa su sai wa'adin shekara biyu ya wuce.

Na uku, majalisun dokokin jihohi su daina tsayawa ga duba fenti da kujeru idan sun je zagayen gani da ido. Su nemi a nuna musu taswirar fili da jerin waɗanda aka biya diyya da zanen gini na ƙarshe, su kuma tabbatar an ajiye kwafinsu a ma'aikatar ƙasa da ta shari'a da gidan adana takardu na jiha. Kada a biya ɗan kwangila kasonsa na ƙarshe sai ya miƙa su.

Al'ummar da ta san cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba baƙuwa ba ce ga wannan tarbiyya. Jihohin da ke shirin yanke ƙyallen buɗe sabbin filaye suna da damar da na farko ba su samu ba, wato su buɗe rajistar tun ranar da aka auna gonar farko. Waɗanda suka riga suka gina kuwa, gwamna zai iya gwada nasa da tambaya guda ga manajan fili: a kawo masa, kafin a tashi daga aiki, takardar duba titi ta ranar da alhazan jihar suka tashi bara, da sunan wanda ya sa mata hannu.